Yadda Ake Bayyana Alaƙa Kafin Karɓar Kwangilar Makaranta a Texas: Jagorar Cike Fom CIQ da CIS

Tambaya ɗaya ke ta dawo mini daga 'yan'uwanmu mazauna Houston da Dallas: "Malam, ofishin saye na gundumar makarantu ya turo mini tarin takardu, a ciki akwai wani fom wai shi CIQ. Me zan rubuta?" CIQ takarda ce da mai neman kwangila ke bayyana alaƙarsa da jami'an gundumar a cikinta. Yawancin masu tambayar ƙananan 'yan kasuwa ne: mai dafa abincin taro, mai kamfanin shara da goge-goge, mai gyaran kwamfuta, mai yi wa iyayen yara tafinta. Wasu kuma ma'aikatan gundumar ne da aka sa su cikin kwamitin tantance 'yan kwangila, aka ce su ma akwai nasu fom ɗin, CIS, na bayyana alaƙarsu da 'yan kwangila.

Cike fom ɗin bai kai minti goma ba. Aikin yana gabanin cikewar, kuma a nan mutanenmu ke tuntuɓe, domin yadda muke ƙirga dangi da yadda muke yin kyauta ba su zo ɗaya da lissafin dokar Texas ba. Wanda ka tashi kana kira ƙanenka, doka na iya cewa ba ruwanta da shi. Matar babanka kuwa, wadda ko tuna ta ba ka yi ba, tana sahun farko.

Dokar ita ce Babi na 176 na kundin dokokin ƙananan hukumomin Texas. Ta shafi gundumomin makarantu, waɗanda ake laƙaba wa ISD a ƙarshen sunansu, da makarantun gwamnati masu cin gashin kansu da ake kira charter, da birane da sauran ƙananan hukumomi. Idan a wata jiha kake, dokarku daban ce, kada ka ɗauki alƙaluman da ke nan ka yi aiki da su.

Mataki na 1: Samo jerin sunayen jami'an gundumar

Ba za ka san ko kana da alaƙa da wani ba sai ka san su wane ne. Kowace gunduma tana da jami'in da ke riƙe takardunta, kuma doka ta ɗora masa ajiye jerin sunayen jami'ai da bai wa duk ɗan kwangilar da ya nema. Sau da yawa jerin yana shafin intanet na ofishin saye. Idan ba ka gan shi ba, aika imel ka nema, ka ajiye amsar.

Mutum iri uku ne a jerin: mambobin kwamitin amintattu, wato majalisar da ke jagorantar gundumar, sai sufurtanda wanda shi ne shugaban gudanarwa, sai duk wani ma'aikaci ko wakili da ke da ta cewa wajen tsarawa, ba da shawara, zaɓe ko ƙulla yarjejeniya da ɗan kwangila.

Hattara: rukuni na uku shi ne ake mantawa. Mutum zai duba sunayen amintattu bakwai ko tara, ya ce bai san kowa ba, ya sa hannu. Alhali shugabar makarantar da ta ba da shawarar a ɗauke shi, ko ma'aikacin sashen abinci da ke zaune a kwamitin tantancewa, shi ma jami'i ne a idon wannan doka. Tambayi ofishin saye kai tsaye: su wa ke da hannu a wannan kwangilar? Sannan ka tabbata jerin na yanzu ne. A Houston ISD, alal misali, a watan Yunin 2023 jiha ta naɗa kwamitin gudanarwa ya karɓi ikon zaɓaɓɓun amintattu, don haka tsohon jeri zai ɓatar da kai.

Mataki na 2: Zana bishiyar dangi, ka ƙirga taki

A nan nake so a zauna sosai. Kwanakin baya wata baiwar Allah mai sana'ar dafa abinci ta zo da fom ɗinta. Na tambaye ta, "Hajiya, kina da ɗan'uwa a gundumar?" Ta ce akwai yayanta a sashen kuɗi. Muka juya ambulan ɗin da takardun suka zo a ciki, muka fara zane a bayansa. Da muka bi salsala, ashe "yayan" ɗan baffanta ne, sun tashi gida ɗaya a Kano. Doka ba ta ƙirga shi. Muna shirin naɗe takarda sai ta ce, "Af, mijin ƙanwata ma yana can, amma shi ai suruki ne kawai." Shi ɗin ne doka ke nema.

Lissafin jini ana yin sa da taki. Ka hau daga kanka zuwa kakan da ya haɗa ku, ka sauko zuwa wancan mutumin, kowace haihuwa taki ɗaya. Uwa, uba, ɗa da 'ya taki ɗaya ne. Wa, ƙane, ya, ƙanwa, kaka da jika taki biyu. Baffa, kawu, gwaggo, inna ƙanwar uwa ko yayarta, ɗan wa, ɗan ƙane, iyayen kaka da tattaɓa-kunne taki uku. Iyakar dokar ke nan a ɓangaren jini. Ɗan baffa da ɗan kawu, har abokin wasanka ɗan gwaggo, taki huɗu ne, sun fita.

'Yan uba suna ciki. Kun haɗa uba, uwa kowa da tasa, lissafin bai canja ba: hawa ɗaya zuwa uba, sauka ɗaya, taki biyu. Ɗan da aka yi wa takardar ɗauka a kotu daidai yake da ɗan cikinka. Ɗan riƙo da ba a yi wa takarda ba, sai a duba jininsa: in ɗan ƙanenka ne, taki uku, yana ciki ta wannan hanyar. Ɗan'uwan shayarwa da aminin babanka da kake kira baffa don girmamawa, ba sa cikin lissafin.

Ɓangaren aure kuma iyakarsa taki biyu. Mata ko miji taki ɗaya. Iyayen matarka, agola, matar uba, mijin uwa, matar ɗa da mijin 'ya, duk taki ɗaya. Wan matarka, ƙanwar matarka, kakanninta, matar wanka da mijin ƙanwarka, taki biyu. Kawun matarka da matar kawunka taki uku ne, sun fita.

Abu biyu game da aure. Na farko, kada ka ce aurenku a masallaci aka ɗaura ba a kai kotu ba. Texas ta amince da auren da ba a yi wa rajista ba idan mutum biyu sun yarda su ma'aurata ne, suna zaune tare a jihar, kuma suna gabatar da kansu ga jama'a a haka. Na biyu, saki ko rasuwa na yanke surukuta, sai dai in akwai ɗa a raye daga auren. Ga amintattu da jami'an gundumar makarantu, surukutar tana nan har autan auren ya cika shekara 21.

Idan wani jami'i ya faɗo cikin waɗannan takun, dole ne ka cike CIQ ko da sisin kwabo bai taɓa shiga tsakaninku ba. Dangantakar kaɗai ta isa.

Hattara: kalmar ɗan kwangila a dokar ta haɗa da wakilinsa. In kamfanin naka ne amma ma'aikacinka ke zuwa tattaunawa da gundumar, a zana tasa bishiyar shi ma. Haka abokin haɗin jarinka.

Mataki na 3: Duba littafin biyan kuɗi na wata 12

Tambayar a nan: akwai wani jami'i, ko wani na kusa da shi, da ya samu kuɗin shiga mai haraji fiye da dala 2,500 daga wurinka cikin wata 12 da suka wuce, ta hanyar aiki ko hulɗar kasuwanci? "Na kusa" a wannan matakin taki ɗaya ne kawai: mata ko miji, iyaye, 'ya'ya da surukan taki ɗaya.

Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Buɗe takardun albashi, da takardun haraji na W-2 da 1099 da ka bayar, da tarihin kuɗin da kamfani ya tura ta manhajar Zelle. Ƙananan biya ne ke taruwa su haura. Matar wani jami'i da ke taya ki aikin girki ranar Asabar kina ba ta dala 250 a wata, a shekara ta karɓi 3,000, ta wuce iyaka. Ɗansa da ya ja maka motar kai kaya lokacin hutun makaranta na iya haurawa cikin wata biyu.

Ribar hannun jari da kuɗin ruwan ajiya ko na bashi ba sa cikin wannan lissafin. Haka cinikin da aka yi a farashin da kowa ke saye: in jami'i ya shigo shagonka ya sayi shinkafa da manja yadda kowa ke saya, wannan ba hulɗar da doka ke nufi ba ce.

Mataki na 4: Lissafa kyaututtuka

Iyakar dala 100 ce, kuma a jimlace ake ƙirgawa cikin wata 12, a haɗa abin da aka ba jami'in da wanda aka ba iyalinsa na taki ɗaya. Turaren dala 60 da ƙaramar Sallah da yadin dala 70 da babbar Sallah sun kai 130.

Mu mutane ne masu kyauta, kuma ba na ganin aibu a cikin hakan. Ka dawo daga gida ka raba tsaraba, an yi suna ka kai gudummawa, an yi maka alheri ka ba da tukuici. Amma daga ranar da ka fara neman kwangila a wurin da mutum ke da ta cewa, hannunka ya daina zama hannun maƙwabci kawai, kuma kuɗin da ake rabawa na abincin yara ne da littattafansu, cikinsu har da namu.

Abin da doka ta ware ba shi da yawa. Gudummawar yaƙin neman zaɓe tana da tata dokar daban. Abincin da mutum ya ci a matsayin baƙo ba a ƙirga shi, wato ka gayyace shi kun zauna kun ci tare. Aika kwalin kilishi ko cinyar ragon layya gidansa ba zaman baƙunta ba ne, sai a yi masa kuɗi a sa a lissafi. Masauki, kuɗin jirgi da tikitin kallon wasa kuwa ana ƙirga su ko da tare kuka je.

Akwai kuma sassauci ga kyautar da aka yi saboda zumunci ko abota da ba ta da nasaba da muƙamin mutum. Wannan ƙofar ce aka fi yawan shigewa ta cikinta da gaggawa. Ni ma'aunina shi ne ka tambayi kanka: kafin ya hau kujerar nan, kana yi masa irin wannan kyautar, kuma daidai wannan girman? In shekara ashirin kuna musayar goron Sallah, hujjarka a fili take. In kuwa abotar ta yi ƙarfi ne bayan an sa shi a kwamitin tantancewa, rubuta ta a fom.

Mataki na 5: Dakata, ka duba abin da bayyanawa ba ta wankewa

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar ka rubuta alaƙa a CIQ shi ke nan, hanya ta buɗe. Ba kullum ba. Kafin ka miƙa tayinka, duba abubuwa uku.

Na farko sabuwar doka ce da ta fara aiki ranar 1 ga Satumba, 2025, sashe na 11.067 na kundin dokokin ilimi na Texas. Ta mai da shi laifi ga ɗan kwangila ya nemi ko ya karɓi kwangilar gunduma idan wani mamba na kwamitin amintattu yana da babban kaso a kamfanin, wato fiye da kashi 10 cikin 100, ko yana da dangantaka ta taki biyu da mai irin wannan kason, ko an ba shi ko an yi masa alkawarin kyautar da ta haura dala 250. Ma'ana, in wanka ko mijin ƙanwarka na zaune a kwamitin amintattu kuma kamfanin naka ne, fom ba zai fisshe ka ba. Nemi aiki a wata gundumar. A kewayen Houston kaɗai ga Alief, Katy, Fort Bend, Cy-Fair da sauransu. In kana tababa a kan wannan matakin, a nan ne kuɗin ganin lauya ya cancanci a kashe shi.

Na biyu kundin manyan laifuka ne. Sashe na 36.08 ya hana ma'aikacin hukuma da ke da ta cewa a kwangila karɓar wani amfani daga wanda ya san yana neman kwangilar, 36.09 kuma ya hana bayarwa. An ware abin da bai kai dala 50 ba, amma ban da tsabar kuɗi da cak. Don haka ambulan ɗin tukuici, komai ƙanƙantarsa, ba ya cikin sassaucin.

Na uku, tambayi ko da kuɗin gwamnatin tarayya za a biya kwangilar, kamar shirin ciyar da ɗalibai ko kuɗin Title I na tallafa wa makarantun 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Ƙa'idar tarayya, 2 CFR 200.318, ta hana ma'aikaci sa hannu a zaɓe, bayarwa ko kula da kwangila idan akwai cin karon muradi na zahiri, ko ma wanda ido zai gani kamar akwai. A nan ɗan baffan da Babi na 176 ya sallama na iya dawowa. Shi ya sa na shawarci waccan Hajiyar ta sanar da ofishin saye zancen ɗan baffanta a rubuce, ko da ba dole ba ne.

Kowace gunduma kuma tana da ƙa'idojinta na cikin gida, waɗanda kan fi na jiha tsauri. Yawancinsu suna amfani da lambobi iri ɗaya a kundin manufofinsu na intanet: CHE ga 'yan kwangila, BBFA ga amintattu, DBD ga ma'aikata. Karanta wanda ya shafe ka.

Mataki na 6: Cike fom CIQ

Sauko da fom ɗin daga shafin Hukumar Ɗa'a ta Texas, ethics.state.tx.us, ko ka yi amfani da wanda gundumar ta haɗo. Kyauta ne, kuma ba a biyan komai wajen miƙawa. Duk wanda ya ce ka biya shi kuɗin rajistar CIQ, kuɗin wahalarsa kawai yake karɓa. Gurabe bakwai ne:

1. Sunan ɗan kwangila. Rubuta shi yadda yake a takardar haraji ta W-9 da tayinka, harafi da harafi.
2. Akwatin da ake yi wa alama idan sabunta tsohon fom kake yi. A karon farko bar shi.
3. Sunan jami'in. Gurbin mutum ɗaya ne. In jami'ai biyu ne, fom biyu.
4. Bayanin alaƙar aiki, kasuwanci ko dangantaka. A ƙarƙashinsa akwai tambaya A, ko jami'in ko iyalinsa na samun kuɗi mai haraji daga gare ka, da tambaya B, ko kai kana samun kuɗi daga gare shi ko bisa umarninsa, ban da wanda gundumar ke biyan ka.
5. Hulɗarka da duk wani kamfani da jami'in ke shugabanci ko darakta a cikinsa, ko yake da kashi 1 cikin 100 ko fiye.
6. Akwatin kyauta, idan jimlar ta haura dala 100.
7. Sa hannu da kwanan wata.

A gurbi na 4 ka yi gajeren bayani mai kama hannu: wane ne, me ya haɗa ku, tun yaushe. "Mijin ƙanwata ne" ya wadatar. Kada ka fassara kalmominmu kai tsaye. In ka rubuta cewa ɗan baffanka ɗan'uwanka ne na ciki ɗaya, ka jawo wa kanka haramcin da bai hau kanka ba. In ka kira ɗan ubanka da kalmar Turanci ta ɗan baffa, ka faɗi abin da ba gaskiya ba a takardar hukuma.

Hattara: gurbi na 5 kashi 1 ne, ba 10 ba. In kai da jami'in kuna cikin wani kamfanin haɗin gwiwa na 'yan gari, ko kana sayen kaya daga kamfanin da yake da ɗan kaso a ciki, nan ne wurin faɗa. Sannan ka tuna cewa doka ta sa gundumar da ke da shafin intanet ta wallafa waɗannan takardu. Kada ka rubuta lambar asusun banki ko lambar Social Security a jiki.

In ka bi matakai na 2 zuwa 4 ba ka samu komai ba, dokar jiha ba ta tilasta maka cikewa ba. Sai dai gundumomi da yawa suna neman kowa ya mayar da fom ɗin cikin takardun rajista. In haka ne, rubuta sunan kamfani, ka sa N/A, wato bai shafe ka ba, a sauran gurabe, ka sa hannu. Barin shi fanko kan sa a ajiye tayinka gefe a ce takardu ba su cika ba.

Mataki na 7: Miƙa shi cikin kwanakin aiki bakwai

Gundumar ake kai wa, wurin jami'in riƙe takardu ko ta hanyar da ofishin saye ya faɗa. Ba a aika wa Hukumar Ɗa'a. Ita fom ɗin kawai ta tsara.

Agogo na fara bugawa daga ranar da ka fara tattaunawar kwangila ko ka miƙa tayi, takardar nema ko wata wasiƙa game da ita, ko kuma daga ranar da ka san da alaƙar, duk wadda ta zo daga baya. In ka miƙa tayi ranar Litinin kana sane da alaƙar, Talata ce rana ta farko, wa'adinka ƙarfe 5 na yammacin Larabar mako mai zuwa. Kada ka ɗauka ranar Sallah ta fita daga lissafi, kuma kada ka jira a ce ka ci kwangilar. Imel ɗin farko da ka aika wa shugabar makaranta da farashinka na iya tayar da agogon. Mafi sauƙi, haɗa fom ɗin da tayin a rana ɗaya.

Ajiye shaida: kwafin da aka buga wa hatimin ranar karɓa, ko imel ɗin da ya nuna rana da lokaci.

Mataki na 8: Kada ka rikita shi da fom 1295

Wannan wani fom ne dabam, ƙarƙashin sashe na 2252.908 na kundin dokokin gwamnati, ga kwangilolin da aka ƙulla daga 1 ga Janairu, 2016. Ana buƙatarsa idan sai kwamitin amintattu ya kaɗa ƙuri'a kafin a sa hannu, ko kwangilar ta kai dala miliyan 1. Shi a shafin Hukumar Ɗa'a ake cike shi: ka buɗe asusu, ka sa lambar kwangilar da gunduma ta ba ka, ka lissafa masu iko da kamfanin, ciki har da duk mai fiye da kashi 10 cikin 100, da duk wanda ya shiga tsakani. Sai ka buga shi da lambar shaidarsa, ka sa hannu, ka miƙa wa gundumar. Ana cike shi ko da ba ka san kowa a gundumar ba, kuma ba ya maye gurbin CIQ.

Mataki na 9: Idan kai ne jami'in

Naka fom ɗin CIS ne, kuma abubuwan da ke tayar da shi su ne dai waɗancan uku: kuɗin shiga fiye da dala 2,500, kyauta fiye da dala 100, ko dangantaka. Wa'adinka ƙarfe 5 na yamma a ranar aiki ta bakwai bayan ka san da lamarin. Za ka rubuta sunanka, muƙaminka, sunan ɗan kwangilar, irin alaƙar da girmanta, da kowace kyauta da ranar karɓarta.

Bambancinsa da CIQ shi ne rantsuwa. Kana sa hannu ne bisa sanin cewa ƙarya a ciki laifin rantsuwar zur ne, kuma kana shaida cewa bayanin ya haɗa da iyalinka. Fom ɗin ya ba da zaɓi biyu: ka sa hannu gaban notari, wato mai izinin hukuma na shaida sa hannu, ko ka cike sashen furucin kai da ke ƙasa. Ofisoshin gunduma galibi suna da notari a ciki. Kafin ka sa hannu, zauna da maiɗakinka ko maigidanki, da manyan 'ya'ya, ka karanta musu sunayen kamfanonin da ke neman aikin. Ba kowane uba ya san inda ɗansa ɗan jami'a ke aikin ƙarshen mako ba.

Hattara: cikewar ɗan kwangila ba ta ɗauke maka naka ba. Takardun biyu a fili suke, kuma in nasa ya ambace ka alhali babu naka, kowa zai gani.

Ga mamban kwamitin amintattu akwai ƙarin nauyi a Babi na 171 na kundin dokokin ƙananan hukumomin. In kana da kashi 10 cikin 100 ko fiye na kamfani, ko kason da ya kai dala 15,000, ko abin da ka samu daga gare shi ya haura kashi 10 na kuɗin shigarka na bara, ko kana da mallaka a filin da ake magana a kai da ta kai dala 2,500, sai ka shigar da takardar rantsuwa kafin ƙuri'a, ka kuma janye daga tattaunawa da ƙuri'ar. Kason iyalinka na taki ɗaya naka ne a wannan lissafin. Ni shawarata ka tashi ka bar zauren har a gama, ka kuma tabbata an rubuta hakan a bayanan zama. Sufurtanda kuwa, sashe na 11.201 na dokar ilimi ya hana shi karɓar lada kan aikin da ya yi wa kamfanin da ke hulɗa da gundumar ko yake neman yi.

Mataki na 10: Sabuntawa, da abin yi idan ka makara

Fom ɗin ba na sau ɗaya ba ne. Duk abin da ya faru da ya sa bayanin ya zama bai cika ba ko ba daidai ba, kana da kwanakin aiki bakwai daga ranar da ka sani ka miƙa sabo, da alama a gurbi na 2. A cikin al'ummarmu, aure ne ya fi kawo wannan: ƙanwarka ta auri ma'aikacin ofishin saye, ranar ɗaurin auren ka samu surukin taki biyu. Sai zaɓen amintattu, wanda ake yi a watan Mayu ko Nuwamba gwargwadon gunduma, da ƙarin girma, da ɗaukar sabon ma'aikaci. Sa wa kanka tuni a waya ka sake duba jerin jami'ai bayan kowane zaɓe da farkon kowace shekarar karatu.

Hukuncin ƙin miƙawa da gangan yana bin girman kwangilar. Ƙasa da dala miliyan 1, ƙaramin laifi ne ajin C, tarar da ba ta wuce dala 500 ba. Daga miliyan 1 zuwa ƙasa da miliyan 5, ajin B, tara har dala 2,000, ko ɗaurin da ya kai kwana 180, ko duka biyun. Daga miliyan 5, ajin A, tara har dala 4,000, ko ɗaurin shekara guda, ko duka. Ga ƙaramin ɗan kasuwa tarar ba ita ce babbar asara ba: kwamitin amintattu na da ikon soke kwangilar ɗungurungum, kuma ma'aikacin da ya ƙi cike nasa ana iya ja masa kunne, dakatar da shi ko sallamarsa. Wanda bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, kowace tuhumar laifi abu ce da ya kamata ya kai wa lauyan shige da fice kafin ya amsa komai.

In ka farga wa'adi ya wuce, cike fom ɗin yau, ka sa kwanan watan yau. Kada ka mayar da kwanan wata baya, wannan sabon laifi ne a kan takardar hukuma. In kuma gundumar ce ta rubuto maka cewa ba ka miƙa ba, doka ta ba da mafita: wanda ya miƙa cikin kwanakin aiki bakwai daga karɓar sanarwar, laifin rashin miƙawar bai hau kansa ba. Rubuta ranar da wasiƙar ta iso a jikin ambulan ɗin, ka kai fom ɗin da hannunka ofishin jami'in riƙe takardu, ka tsaya a buga wa kwafinka hatimi kafin ka fito.